Ruwan Gida Bakwai na Yalwan Damai

Gwaram, ranar Asabar.

Uwani 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sauke ku Kano lafiya, ke da maigidanki da yara, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe, ya sa ku tarar da gida yadda kuka bar shi. Amin.

Za ki ga takardar nan a cikin ninkin bargon da na sa miki a jaka. Kar ki yi mamaki, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki duk wata biyun nan da kika yi kina jinya a gida. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarki da niyyar magana, sai in ga yadda kika rame, in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Shekara talatin na yi gaban 'yan aji ina zuba bayani, amma gaban 'yar da na haifa bakina ya mutu. Shi ya sa na koma wa biro.

Ƙanwarki Zulai ta faɗa min abin da kika ce. Kar ki yi mata faɗa, ni na tsare ta. Wai idan kun je Kano ba za ki je asibiti ranar Litinin ɗin da likita ya sa miki ba. Wai gara ki zauna a ɗakinki Allah ya yi ikonsa, da a ɗora ki a kan injin wankin ƙoda, don kin ga abin da ya yi wa Inna. To, ga Innar, shekara biyar ke nan tana hawa injin a Birnin Kudu, Litinin da Alhamis. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke, don akwai abin da kika gani da idonki wanda ba ki san asalinsa ba. Ba zan ɓoye miki wauta ko ɗaya da na yi ba, ko da za ki yi min dariya.

Wautata ta farko ɓata lokaci ce. Ina koyarwa a Fagam ƙafafuna suka fara kumbura, har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce ƙoda ce, ya ce in dawo. Ban koma ba. Ranar kasuwa na ji wani mai magani a kan mota yana shela da lasifika, wai kwalbarsa ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyi da ƙoda. Ni da nake koya wa 'yan aji huɗu kiwon lafiya, ni ce na ja mayafi na rufe fuska na saya. Daga nan sai sassaƙe, sai jiƙo, sai wani gari da ake damawa da nono. Duk wadda ta zo duba ni da abinta a ƙulle a bakin zane, kuma kowacce tana da ƙanin miji da ya sha ya warke. Wata takwas ina haka. Ranar da aka mai da ni asibiti ina amai, jikina duk ƙaiƙayi, likita ya ce, "Malama, me da me kika sha?" Na fara lissafi yana rubutawa, da ya ga abin ba ya ƙarewa sai ya ajiye biron ya tsaya yana kallona.

A Kano za a kawo miki ninkin abin da aka kawo min, kuma don ƙauna za a kawo. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye bayan ƙofa. Kar ko ɗigo ya shiga bakinki sai likitanki ya gani. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, waɗanda kuke watsawa baki kamar gyaɗa. Addu'a kuwa ki riƙe ta da ƙarfi, ita ba ta da illa.

Wautata ta biyu kin san rabinta, don a gabanki aka yi. Da aka ce sai wanki, ni a raina an gama. Na buɗe akwati na rarraba zannuwana, na ba da tunkiyata, har injin taliyata na kyautar. Ina yi ina kuka, ana karɓa ana kuka. Sai ga shi ban mutu ba. Shekara biyar ke nan duk sunan da aka yi a unguwar nan sai na ga Hajiya Laraba maƙwabciyarmu ta shigo da atamfata mai ruwan ganye, tana juyi, har tana tambayata wai ta yi mata kyau? In ce ta yi, raina kuwa kamar in fizge. Abin da ba ki sani ba shi ne, ba zannuwan kaɗai na rabar ba. Na daina ƙunshi, na daina kitso, na daina shiga maganar gida, komai aka tambaye ni sai in ce ku yi yadda kuka gani. Na zauna jiran mutuwa, ita kuwa tana can tana sabgarta. Wannan zaman ya fi ciwon gajiyar da ni.

Ke kar ki ba kowa ko ɗankwali. Ki yi kitsonki, ki duba aikin makarantar yaranki, ki yi wa maigidanki ƙorafin cefane yadda kika saba. Ranar wanki ki sa kaya masu kyau, ba na jinya ba.

Bari in faɗa miki yadda ɗakin yake, don tsoron abin da ba a sani ba ya fi abin girma. Gadaje ne a jere, kowane da injinsa a gefe. Za a ɗora ki a sikeli kafin a fara, a sake ɗora ki bayan an gama, don a san ruwan da aka cire. Awa huɗu ake yi. Ɗakin da sanyi, shi ya sa na ba ki bargo, ki kuma sayi safa. Wata biyun farko ni da an haɗa ni sai in ja mayafi in juya wa bango fuska, ko robar da jinin yake bi ba na kallo. Gadon da ke kusa da nawa na wani dattijo ne, Alhaji Sale, tsohon direban Gwaram zuwa Kano. Wata rana ya ce, "Malama, lafiya kuwa? Wata biyu muna hawa mota ɗaya, ba ko sannu."

Na ce, "Alhaji, wanda ake zuƙe wa jini me zai ce?"

Ya ce, "Wa ya zuƙe? Buɗe ido ki gani. Ta nan yake fita, ta can yake komawa, ko cokali ba a ɗiba. Ni na tsufa ina juye wa mota baƙin mai, ban taɓa jin wadda ta yi fushi da gareji ba."

Na yi dariya ban shirya ba. Ranar na fara kallon jinina yana zagayawa, kuma wallahi ba wani abin tsoro. Yanzu mu shida ne 'yan Litinin da Alhamis, mun san sunayen jikokin juna. Idan ɗaya bai zo ba sai mun buga waya. Ki gaisa da na kusa da ke tun ranar farko, su ne za su gaya miki abin da likita ba shi da lokacin faɗa. Ki tafi da carbinki da abin sauraren karatu, ko ki yi barcinki.

Wani lokaci jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, ko ki ji jiri, ko zuciya ta tashi. Ni da sai in cije leɓe, wai ina haƙuri. Ranar da nas ɗinmu, Sista Rakiya, ta gan ni ina gumi cikin sanyin nan, ta ce, "Haba Inna, tun yaushe?" Na ce tun ɗazu. Ta ce, "To lada kike nema ko me? Da kin faɗa da tuni na rage masa gudu." Ta taɓa injin, kafin a jima ƙafar ta saki. Duk abin da kika ji ki faɗa nan take, ba raki ba ne. Bayan an gama za ki ji gajiya, wannan gaskiya ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki koma gida ki kwanta, kar ki ce za ki ɗora tukunya. Amma washegari za ki tashi ki ji jikinki sakayau, bakinki ya dawo, abinci ya yi ɗanɗano. Ni Talata da Juma'a su ne ranakuna, a cikinsu nake ziyara, a cikinsu nake faɗa da babanku.

Maganar tukunya kuwa, nan ma na yi abin kunya. An hana ni kanwa, an ce gishiri da dunƙule kaɗan ƙwarai, an yi min tukunya daban. Na ɗanɗana na ce wannan ai ruwan wanke kwano ne. Sai in bari babanku ya fita masallaci in buɗe kwanonsa in yi loma uku. Loma ukun nan kuwa sai ta kwana tana neman ruwa, don gishiri shi ne uban ƙishirwa. Ki daure sati uku, harshe zai saba. Ki ƙara albasa da tafarnuwa da citta. Ganye ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Dabino da ayaba da lemon zaƙi ki tambaya kafin ki ci, haka nama da ƙwai, za su faɗa miki gwargwado. Idan an yi miki aikin jijiya a hannu, wanda ta nan za a riƙa haɗa ki da inji, wannan hannun ya zama ɗan sarki. Ba ɗaukar bokiti, ba awarwaro mai matsewa, ba kwanciya a kansa, ba a gwada hawan jini a nan. Ni na yi daka da nawa don kar a ce na zama kaya, na kusa jawo a sake min aiki.

To Uwani, yanzu na zo inda nake ta zagaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna ranar Lahadin nan, shekara uku da suka wuce, da kika zo daga Kano kika kwana ɗaya, da hantsi numfashina ya ƙi fita. Ke kika riƙe ni a bayan mota tun daga Gwaram har Birnin Kudu, ina zaune don na kasa kwanciya, ina jan iska kamar wadda aka danna cikin ruwa, kina ta kiran Inna, Inna. Na san wannan ranar ce a idonki duk lokacin da aka ce inji. Ina kwance a asibiti ina jin 'yan dubiya a bakin ƙofa suna cewa, "Wankin nan ne yake cinye ta, ai da ma duk wanda ya fara shi ke nan." Na ji da kunnena. Na rufe ido kamar mai barci.

Injin bai yi min komai ba. Rabona da shi ma tun ranar Litinin.

Ranar Alhamis ɗin aka fara bikin 'yar yayana a Yalwan Damai. Na san ranar wankina ce. Amma na ji jikina garau, na ce sau ɗaya dai ba zai yi komai ba, kuma me dangi za su ce idan gwaggon amarya ba ta zo ba? Sai na ce wa babanku an bugo daga asibiti, ana gyaran inji, an ɗaga mana zuwa Litinin. Ba wanda ya bugo. Motar da ta kai mu ma ta Birnin Kudu ta bi, na kau da kaina.

Kin san garinmu. Shekara biyu ba su gan ni ba, an ce ina ciwo, ga ni da ƙafata. Dole in shiga gida gida in gaisa. Kuma kin san ba a tambayar baƙo lafiya sai an ajiye masa ruwa, ba a kuma mai da kwanon yadda ya zo. Ni kuwa a lokacin abin da aka yarje min in sha a wuni bai wuce 'yar gora ɗaya ba, har da kunu, har da ruwan shan magani, don fitsari ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya, duk abin da na sha yana nan a jikina sai inji ya cire. Gida na farko na kurɓa kaɗan. Na biyu aka kawo fura, an dama da nono mai kyau don ni. Na uku gidan Gwaggo Talatu ne, ƙanwar babana, ta tsufa har hannunta na rawa. Da kanta ta je randa ta ɗebo, rabi ya zube a hanya, ta koma ta ƙaro. Na kai baki na ajiye. Ta ce, "Shanye mana, 'yar nan. Ko ruwan namu ne bai yi miki ba, kin saba da na leda?"

Uwani, na shanye. Kuma ba zan ɗora wa Gwaggo duka ba, ruwan randar nan da sanyi da ƙanshin ƙasa, shekara biyu rabona da in sha ruwa in ƙoshi. Da na ga na riga na karya, sai na saki jiki. Gida bakwai na shiga ranar, ban mai da kwanon kowa ba. Juma'a ga zoɓo, ga kunun zaƙi, ga shinkafar biki da gishirinta. Ranar Asabar da na dawo zobena ya nutse a yatsa, na saki zane har ƙasa don kar ki ga ƙafata. Sauran kin gani.

Da aka ɗora ni a inji, kafin a yi rabi ƙirjina ya buɗe. Shi ya dawo min da numfashin da kike ta roƙa min a mota. Sista Rakiya ta sunkuyo ta ce a hankali, "Inna, ina kika je ranar Alhamis? Mun jira ki, mun buga ba ki ɗauka ba." Na kama hannunta na ce ta rufa min asiri. Ta ce, "Ni ba zan faɗa ba, ba hurumina ba ne. Amma sikeli ya riga ya faɗa." Ta rufa, ni ma na rufe, har yau babanku bai sani ba. Na ji kunyar a ce Malama guda ta kusa kashe kanta a kan kwanon ruwa, sai na bar injin da laifi, tunda shi ba ya magana. Ban taɓa zaton akwai ranar da wannan shirun zai dawo ya tsaya tsakanin 'yata da maganinta ba. Ki yafe min, Uwani.

Abin haushin ma, bara na koma Yalwan Damai ranar Talata. Gwaggo Talatu ta sake ɗebo ruwa. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Gwaggo, likita ya auna min ruwan da zan sha, in na wuce zai taru a ƙirjina." Ta ce, "Ayya! Allah sarki. To kawo, kar ya yi miki illa." Ta karɓa ta shanye abinta, muka ci gaba da hira. Shi ke nan fa. Abin da na ji tsoro har na kusa rasa raina, ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Don haka ga abu biyu, in kin manta komai kar ki manta su. Ranar wanki ba ta da biki, ba ta da suna, ba ta da na ji sauƙi. Jin sauƙin ma aikin injin ne. Na biyu, ki sami 'yar gorarki, ki auna abin da aka ce miki da safe, in ya ƙare ya ƙare. Ko rubutu aka kawo miki, a cikin gorar zai shiga lissafi. In ƙishi ya matsa, ki kurkure baki ki zubar, ko ki tsotsi 'yar ƙanƙara, ko yankin lemon tsami. Gidan surukanki za a kawo miki ruwa, kuma na san ki da kunya, a wurina kika gada. Ki faɗa musu gaskiya tun ranar farko, da bakinki, a gaban kowa. Wanda zai yi fushi don kin mai da kwano, ya yi, zai huce.

Likita ya ce ciwon nan namu na gado ne. Na daɗe ina jin nauyin wannan, ina ganin ni na ba ki. Amma ni ma ba a kasuwa na saya ba. Mai sunanki, mahaifiyata, da shi ta tafi, sai dai a lokacin kumburi ake ce masa. Ina 'yar shekara goma sha tara, ina zaune a gefenta ina yi mata fifita, numfashinta yana yi irin yadda nawa ya yi a motar nan, kuma babu inda za a kai ta. Da akwai injin nan a zamanin, da a bayana zan goya ta in kai ta. Da aka haife ki na roƙi babanku ya sa miki sunanta, don in riƙa cewa Uwani a gidan nan ana amsawa. Na yi rashin uwa sau ɗaya, na san ɗacinsa, kuma yaranki sun fi ni ƙanƙanta a lokacin. Rai na Allah ne, ban ce inji yana hana ajali ba. Amma kar ki bari ƙaryar da na yi ta zama dalilinki.

Ranar Litinin ki tashi ki yi wanka, ki ɗauki bargon nan, ki bi maigidanki. Ni ma a lokacin ina kan nawa gadon a Birnin Kudu. Idan an haɗa ki, ki bugo min da hannun da ba a ɗaure ba. In kuka ne ki yi, ina da awa huɗu, ba inda za ni. Yau da la'asar, bayan motarku ta tashi, zan zaunar da babanku in gaya masa maganar Yalwan Damai da bakina. In ni da furfurata zan iya wannan, ke ma za ki iya Litinin.

Ki gai da maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiya. Ki shafa min kan yara. Allah ya ba ki lafiya mai amfani, ya sa wannan ya zama kaffara, ya tsare min ke a hanya da gida da asibiti. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna.